Gwangwanin Hajiya da Rular Yara: Yadda Muke Awon Kaurin Kwandala a Aboabo

Asabar, 5 ga Oktoba, 2024

Wana da ke tuƙin tasi a Bronx, can Amurka, ya zo Babbar Salla gida, da zai koma ya ajiye wa Hajiya gwangwanin Milo cike da kwandaloli, ya ce a ba jikoki su yi wasa. Hajiya kuwa ba ta yarda a yi wasa da kuɗi ba, ko na wace ƙasa ne. Ta aike ni da su wajen masu canji a Adum, tsakiyar garin Kumasi, na dawo mata da kayanta yadda na tafi da su, don masu canji takarda suke karɓa, ba ruwansu da tsaba. Tun ran nan gwangwanin ke ƙarƙashin gado. Yau na roƙe ta ta ara mini.

Akwai yara bakwai da nake yi wa ƙarin darasin lissafi a zaurenmu nan Aboabo, unguwarmu a Kumasi, Asabar da Lahadi bayan La'asar, idan sun taso daga makarantar Islamiyya sun ci abinci. Huɗu 'yan aji shida ne na firamare, uku 'yan JHS 1, wato ajin farko na ƙaramar sakandare. A sukuru, wato makarantar boko, da Turanci ake koya musu, ni kuwa da Hausa nake yi, don in gane ko lissafin ne ya shige musu duhu ko harshen. Inda suke tuntuɓe duka shi ne lamba mai ɗigo. Sun iya haddace doka, amma lambar ba ta zama komai a hannunsu ba. Shi ya sa na ce bari mu auna wani abu da ya fi ƙarfin rula, mu ga ko ɗigon zai fito da kansa.

Na fara da abin da ke aljihuna, pesuwa 50, kwandalarmu ta Ghana (pesuwa 100 ce sidi ɗaya). Kowa ya fito da rularsa, na ce a gaya mini kaurinta. Uku suka ce milimita 2, uku suka ce 1, ɗaya ya ce ɗaya da rabi, amma ya faɗa ne yana kallon fuskata. Ba wanda ya yi ƙarya, don ƙaramin zane a rula milimita ne, kwandalar kuwa tana tsakanin zane biyu. Autan ajin ya jefar da tasa ya ce, "Malam, rular ce ba ta gani."

Wadda ta fitar da mu ita ce 'yar mai kokon bakin titi. Ta ce kullum dare Mmanta goma-goma take ɗora tsaba a kan faranti, kuma daga tsawon jerin take gane ko ɗaya ta ɓace ba tare da ta ƙirga ba. "Mu ɗora su da yawa mu auna, sai mu raba." Abin da na shirya faɗa ke nan, na gode Allah ban riga ta ba.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Yau kuskuren nawa ne. Mun juye gwangwanin a tabarma, mun ware na Amurka gida huɗu: senti 1 mai launin jan ƙarfe da kan Lincoln, senti 5 da kan Jefferson, senti 10 da kan Roosevelt, senti 25 da kan Washington. Akwai na Ingila kaɗan, muka tura su gefe. Muka ɗora senti 25 guda 10 a kan benci, na tsayar da rula a gefensu, na karanta da ƙarfi, yara suka raba, amsa ta fito ƙasa da milimita ɗaya da rabi. Na san ba haka take ba, don na riga na duba alƙaluman da gidan buga kuɗin Amurka ya wallafa.

Sai da muka yi sau uku kafin in lura cewa sifilin rular ba a bakinta yake ba, akwai ɗan fili da aka bari kafin zane ya fara. Na tsayar da ita a kan benci, filin nan ya cinye wani abu daga tsawon jerin. Shekara nawa ina faɗa wa yara a fara awo daga sifili. Sun yi dariya har sai da Hajiya ta leƙo.

Asabar, 12 ga Oktoba

Mun daina tsayar da jeri, kwantar da shi muke yi. Mun lanƙwasa kwali ya yi kwari kamar indararo, mu jera kwandalolin a ciki a kan gefensu, mu matse su tsakanin akwatin ashana biyu, sannan mu ɗora sifilin rula daidai fuskar ta farko.

Da guda 10 muka soma. Senti 10 ta ba mu gardama, wasu na ganin 13, wasu 14, wato ko 1.3 ko 1.4. Na ce a ninka su zama 20, sai jerin ya tsaya cak a kan milimita 27. Senti 25 guda 20 suka ba da 35. Senti 5 guda 20 suka ba da 39. Senti 1 kuwa ta ɗan gota 30, yara suka rubuta 30.

Na daɗe a kan dalilin da ya sa 20 ta fi 10, don a nan ƙashin bayan aikin yake. Idan idona ya yi kuskuren rabin milimita a kan kwandala ɗaya, kuskuren nan duk a kanta yake. Idan a kan jerin 10 na yi shi, su goma za su raba, kowace ta ɗauki 0.05. A jerin 20, kowace 0.025. A jerin 50, 0.01 kacal. Kamar gudummawar biki ce, idan dangi na da yawa ba wanda zai ji nauyi. Wannan misalin ya shige su nan take, don ba wanda bai taɓa ganin ana zaman kason kuɗin biki a gidansu ba.

Sai rabawa. 35 a raba gida 20: ashirin ta shiga sau 1, saura 15. A nan kullum suke ajiye alƙalami su rubuta "saura 15". Na ce to, milimita 15 ɗin nan a jikin wa take? Ai a jikin kwandalolin take, dole a raba musu. A sa ɗigo, 15 ta zama 150, ta shiga sau 7, saura 10, ta zama 100, ta shiga sau 5. Amsa 1.75. Babban yaron JHS ya ce shi rabin 35 ya ɗauka, 17.5, sannan ya matsar da ɗigo wuri ɗaya. Hanyarsa ta fi tawa sauri, na ce kowa ya bi wadda ta kwanta masa, amma ya iya duka biyun.

Sauran suka fito: 27 ÷ 20 = 1.35, sai 39 ÷ 20 = 1.95, sai 30 ÷ 20 = 1.5. Na buɗe waya na nuna musu alƙaluman masu kuɗin: senti 25, milimita 1.75, senti 10, 1.35; senti 5, 1.95, senti 1, 1.52. Uku sun faɗa daidai, da rular roba da kwalin sabulu. Ta huɗun muka ƙara mata biyar suka zama 25, jerin ya kai 38, aka raba ya ba da 1.52. Ihun da suka yi, mai shagon ɗinki na maƙwabta ya zaci ƙwallo ake kallo.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Murna ta koma ciki. Na rubuta 1.5 da 1.35 a allo na tambayi wace ta fi, biyar cikin bakwai suka ce 1.35, "don talatin da biyar ta fi biyar". Da na ce a ɗebe ƙaramar daga babbar, biyu suka jera lambobin ta dama kamar lissafin aji uku, 135 a sama 15 a ƙasa, suka samo 1.20.

Ban yi musu bayani ba. Na miƙa wa kowa senti 1 da senti 10, na ce a rufe ido a murza tsakanin yatsu. Kowa ya ce jar ta fi kauri. To jar ita ce mai 1.5. Sai zauren ya yi tsit, don yatsa ya ƙaryata alƙalami.

Na gano rabin cutar a baki take. Suna karanta 1.35 "ɗaya ɗigo talatin da biyar", kunne kuma ya ji talatin da biyar ya ba ta girma. Na kafa doka: bayan ɗigo ɗaiɗai ake kiran lambobi, ɗaya ɗigo uku biyar. Ɗaya rabin kuma 'yar mai koko ce ta sake warkar da shi. Ta ce ai 1.5 sidi ɗaya ne da pesuwa hamsin, 1.35 kuwa sidi ɗaya da pesuwa talatin da biyar, canji pesuwa goma sha biyar. Muka rubuta 1.50 a sama, 1.35 a ƙasa, ɗigo ƙarƙashin ɗigo, 0.15 ta fito. Da ainihin lambar, 1.52 a ɗebe 1.35, saura 0.17.

Hajiya na zaune a bakin ƙofa tana tsince wake, ta ce duk wannan surutun a kan dubu ɗaya da ɗari biyar ne? Na tsaya na lissafa, gaskiyarta. A watan Yuli na 2007 Bankin Ghana ya yanke wa sidi sifili huɗu, tsohon sidi 10,000 ya koma sabon sidi 1. Shekara 17 ke nan, amma har gobe Hajiya "dubu biyar" take kiran pesuwa 50, sidi 100 kuwa "miliyan ɗaya". Matar da ba ta taɓa zama a aji ba, kullum a kasuwa tana ninkawa da rabawa da 10,000 a ka, ba ta taɓa ɓata ko sisi ba. Na sa yara su rubuta abin da ta yi: 0.15 × 10,000 = 1,500. Ta ce su rubuta, ita dai kada a ɓatar mata da kuɗi.

Asabar, 19 ga Oktoba

Ruwa tun azahar, kwalbati ya cika ya shigo lungu. Yara biyu kaɗai suka zo. Mun sake yin indararo, na farkon ya jiƙe.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Aikin yau ɗebewa ne zalla. Senti 5 ta fi senti 10 kauri da nawa? 1.95 a ɗebe 1.35, saura 0.60. Senti 25 da senti 1: 1.75 a ɗebe 1.52, saura 0.23. Wannan ya tafi lami lafiya.

Wani yaro da ba ya yawan magana, ɗan mai gyaran rediyo na tsallaken titi, bai taɓa alƙalaminsa ba sai kallon jeri biyun yake. Na matsa masa, ya ce shi bai ga amfanin raba sau biyu ba. Jerin senti 5 ya kai 39, na senti 10 ya kai 27, tazara 12, kuma duka guda 20 ne, to a raba 12 gida 20 kawai, 0.6. Na tambayi sauran ko sa'a ya ci. Suka gwada da senti 25 da senti 10: 35 a ɗebe 27 saura 8, a raba gida 20 ya ba da 0.4, kuma 1.75 a ɗebe 1.35 ma 0.40 ne. Sai na kawo masa tarko, senti 1 da muka auna guda 25. Ya ɗan yi shiru ya ce ba za ta yiwu ba sai yawansu ya zo ɗaya. Da ni na rubuta wannan a allo a matsayin doka, da kafin Magariba sun manta.

Tambayar da ta fi damun su ba ta lissafi ba ce: me ya sa senti 10 ta fi senti 5 daraja amma ta fi ta ƙanƙanta da rashin kauri? Dalili tsoho ne. Da can da azurfa ake buga senti 10, don haka 'yar ƙarama ta isa ta ɗauki darajarta, senti 5 kuwa haɗin jan ƙarfe ne da nikel, ƙarfe mai araha. A 1965 Amurka ta cire azurfa daga senti 10 da senti 25, amma ta bar girmansu yadda mutane suka saba.

Na ba su na gida: senti 10 nawa za a jera su kamo tsawon senti 5 guda 20? Wato 39 ÷ 1.35, karon farko da mai rabawar ita ma ke da ɗigo. Na nuna musu a ninka duka biyun sau 100, su zama 3,900 ÷ 135.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Amsa 28.88 da 'yan kai, wato 28 ba su kai ba, 29 sun gota da milimita 0.15. Huɗu sun samu. Babban yaron JHS ya ƙara da abin da ban tambaya ba, ya yi ta gwaji har ya gano cewa senti 10 guda 13 da senti 5 guda 9 tsawonsu ɗaya, 17.55 kowanne. Muka jera su kafaɗa da kafaɗa, muka shafa da yatsa, ba tudu.

Labarin aikinmu ya zaga unguwa, kuma a Zango da wuya ka sami gidan da ba shi da ɗa a waje. Wata maƙwabciya da ɗanta ke Italiya ta aiko da ƙullin yuro a leda. Matsalarsu ba su da yawa. Senti 50 ta yuro guda 7 ce kawai, jerin ya zo kusa da 17. Autan ajin ya kama 17 ÷ 7, ya cika rabin shafi yana zufa: 2.428571, sai 428571 ta sake dawowa, ta kuma dawowa. Ya ce, "Malam, wannan ba ta da ranar ƙarewa." Na ce haka ne, kai za ka tsayar da ita, kuma rularka ce za ta gaya maka inda za ka tsaya. Wanda bai tabbatar da rabin milimita ba, ba shi da hurumin rubuta lamba shida bayan ɗigo. Muka tsaya a 2.43. Ainihin kaurinta 2.38 ne, mun gota da 0.05, kuma ba abin mamaki ba ne, don rabin milimita a raba gida 7 ya kai 0.07.

A nan ma daraja ba ta bin kauri. Yuro 2 milimita 2.20 ce, yuro 1 kuwa 2.33, senti 50 ta fi su duka da 2.38.

Muna cikin haka Hajiya ta fito da wani ƙulli daga adakarta, kwabo mai huji na zamanin Turawa, irin wanda aka kashe a nan da Najeriya da Saliyo da Gambiya kafin Ghana ta buga kuɗinta a 1958. Yara suka yi ta mamakin ganin rubutun Larabci a jikin kuɗin Nasara. Guda ɗaya ne tak, hanyarmu kuwa ba ta da abin yi da guda ɗaya. Ta bari kowa ya taɓa, ta mayar da kayanta.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Mun ci karo da bango. Cikin na Ingila, pens 2 ce kawai ta kai guda 20. Jerin ya ba da 39, aka raba, 1.95. Alƙaluman da na gani sun ce 2.03, wanda ke nufin jerin ya kamata ya kai 40.6. Giɓin milimita 1.6 ya wuce kuskuren ido. Muka ƙirga sau uku, 20 ne. Muka canza rula, 39 ne. Wasu suka ce tsufa ne ya cinye su, wasu suka ce Turawan ne suka yi kuskure. Na ce kowa ya rubuta zatonsa ya sa hannu. Ni ma na rubuta nawa, tsufa na ce.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Bayan na tashi aiki na hau trotro, motar hayarmu ta cikin gari, zuwa Kejetia, daga can na kama na Suame. Ɗan ƙanwar Hajiya yana aikin injin feƙe ƙarfe a Magazin, unguwar makanikai ta Suame, inda in ka kawo musu ƙarfen motar da aka daina yi tun kafin a haife ka, za su sassaƙa maka sabo kafin ka gama cin waakye. Na je aron ma'aunin nan nasu mai muƙamuƙi biyu da suke kira kalifa, wanda ke karanta har 0.02 na milimita. Dabarar ƙaramin sikelin da ke zamewa a jikinsa wani Bafaranshe ne, Pierre Vernier, ya fito da ita a 1631.

Mastansa ne ya karɓi jerin da na naɗe a takarda, ya matse shi a kalifa, ya ce 38.92. Ashe rular yara ba ta da laifi. Ya ce in kwance su ya auna ɗaiɗai, na ce a'a Masta, masu aikin suna gida. Ya yi dariya ya ce to in dawo da kayansa ran Litinin da safe, in kuma ya faɗi ƙasa kada ma in dawo.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Motocin kamfe sun hana mu jin juna, zaɓen 7 ga Disamba ya matso, sai da muka turo ƙofar zaure. Rabin sa'a ya tafi wajen koyon karanta kalifa. Sannan kowa ya ɗauki kwandala uku, autan ajin biyu, aka auna aka rubuta a allo.

Tun kafin a gama, allon ya rabu gida biyu. Guda 9 duk tsakanin 1.80 da 1.86 suke. Guda 11 tsakanin 2.00 da 2.04. Tsakiya fayau, ba ko ɗaya. Da tsufa ne, da mun ga wasu a 1.90, wasu a 1.95, bi da bi. Zatona ya faɗi, na karanta shi da bakina a gabansu na soke.

'Yar mai koko ta ce a duba shekaru. Sirara tara duk kafin 1992 aka buga su, wasunsu ma rubutun jikinsu daban, "sabon pens" aka rubuta da Turanci, irin na shekarun farko daga 1971. Masu kaurin kuwa duk bayan nan ne. Ɗan mai gyaran rediyo bai ce uffan ba, ya fice da gudu, ya dawo da mayen ƙarfen tsohuwar sifika daga shagon babansa. Ya kifa shi a kan tarin, guda 11 suka ɗafe, 9 suka zauna abinsu.

Ga abin da ya faru. Har zuwa 1992 da tagulla Ingila ke buga pens 1 da pens 2. Da jan ƙarfe ya yi tsada, sai suka koma baƙin ƙarfe da aka shafe da jan ƙarfe a sama, ido ba ya rabe su. Sun bar faɗin yadda yake, milimita 25.9, sun bar nauyin, giram 7.12. To baƙin ƙarfe bai kai tagulla nauyi ba idan girmansu ɗaya, don haka in ana son nauyin ya tsaya, dole kauri ya ƙaru. Tsohuwar 1.85 ce, sabuwar 2.03, tazara 0.18. Na sa su gwada: 9 × 1.85 = 16.65, sai 11 × 2.03 = 22.33, a haɗa ya zama 38.98. Ga 39 ɗinmu ta dawo gida.

Na tsayar da su a kan 1.95 ɗin da muka samu ran Lahadi. Lissafin bai yi kuskure ba, 39 a raba gida 20 haka take. Amma na ce a nuna mini kwandala ɗaya cikin ashirin ɗin nan mai kauri 1.95. Babu. Rabawa ta ɗauka cewa duk abin da ka ba ta kai ɗaya ne, ba ta tambaya, sai ta yi musu kaso daidai ta miƙo maka. Na Amurka sun fito mana daidai ne don iri ɗaya ne a kowane jeri, mu kuwa muka zaci gwanintarmu ce kaɗai. Babban yaron ya ce kamar a ce gidansu kowa shekararsa 25, alhali daga tsofaffi sai jarirai.

Da yake 1971 ta fito a jikin kuɗin, na gaya musu shekarar ce Ingila ta bar fam mai sule 20, kowane sule kwabo 12, ta koma ƙirgen ɗari. Mu mun riga su da shekara shida, tun Yuli 1965 da Nkrumah ya kawo sidi mai pesuwa 100. Sun ji daɗin wannan fiye da duk abin da na faɗa yau.

Sauran lokacin ya tafi a wasa da mayen ƙarfe. Na Amurka ba wadda ta ɗafe. Ƙananan senti na yuro jajaye sun ɗafe, masu ruwan zinariya sun ƙi. Pesuwa 50 ta aljihuna ta ɗafe ram.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Kalifa ya koma Magazin lafiya tun ran Litinin. Masta ya ce zan iya sake ɗauka duk ƙarshen makon da aiki bai matse su ba.

Saura namu na gida, kuma su ne suka fi wuya. Kuɗin waje ba mai karɓa, sai su kwana inda ka ajiye su, namu kuwa ƙafa gare su. Ran Asabar ɗin da ta wuce na tara pesuwa 50, mai hoton 'yar kasuwa, guda 20 cif a kofi. Yau na tarar da 16. Ba wanda ya ga komai, amma akwai takardar alawa a bayan benci. Na mayar da kofin ɗakin Hajiya, can ko ɓera sai ya yi sallama.

Ga inda tari ya kai. Pesuwa 20 mai ƙwallon koko, 20 sun cika. Pesuwa 10 mai littafi, 12. Pesuwa 5 mai busa ƙaho, 4. Pesuwa 1 mai gadar Adomi, 3 kacal, su ma a ƙasan durowar mai kemis aka tono su, don an daɗe da daina ganinta a ciniki. Sidi 2 mai hoton fadar Jubilee, wadda ta fito a 2019, muna da 9. Sidi 1 mai sikeli ta kai 23, amma ban bari an jera ta ba. Bankin Ghana ya fitar da sabon bugunta a ƙarshen 2022, kuma bayan abin da pens 2 ta yi mana, yaran da kansu suka ce sai an ware tsohuwa da sabuwa, an duba shekara, an gwada mayen ƙarfe, kafin rula ta taɓa su.

Wani yaron mota da ke layin Aboabo zuwa Kejetia ya yi alkawarin tara mana pesuwa 10 da sidi 2 zuwa Juma'a, in ba shi takarda a madadinsu. Mman 'yar mai koko za ta cike mana pesuwa 50 ɗin da suka yi tafiya. Pesuwa 1 da pesuwa 5 kuwa, in ba su kai 10 ba ran Asabar, ɗaiɗai za mu auna su da kalifa, don haka sai na sake hawa trotron Suame ran Alhamis.